Huhun lebura da rijiyar unguwa: lissafin da 'yan ra'ayin hagu ke yi

A shekarar 1977, ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari da ke Lathrop a jihar Kalifoniya ta Amurka suka lura da wani abu a hirarsu ta lokacin cin abinci: mazan da ke sashen haɗa maganin DBCP, matansu sun daina samun ciki. Ƙungiyar ƙwadagonsu ta matsa aka yi musu gwaji, aka tarar wasu ba su da ƙwayar haihuwa ko kaɗan, wasu kuma ta ragu ƙwarai. Tun ƙarshen shekarun 1950 gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna maganin na tsotse maraina, sai dai labarin bai taɓa isa kunnen masu ɗibarsa da hannu ba. Bayan shekara biyu aka fara ganin DBCP a rijiyoyin yankunan noma na jihar. Amurka ta hana amfani da shi a kusan ko'ina cikin ƙasarta a 1979, amma aka ci gaba da zuba shi a gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya, inda dubban leburori suka tashi da rashin haihuwa.

Wanda ya bi sawun maganin nan ya riga ya fahimci rabin abin da 'yan ra'ayin hagu ke faɗa. Gubar ta fara da jikin ma'aikaci, ta gangara ruwan maƙwabta, da aka koro ta kuma ta nufi inda doka ta fi rauni. Mutane kan raba waɗannan zuwa gida uku, a ce wannan batun ƙwadago ne, wancan na muhalli, ɗayan na adalci a zamantakewa. Su kuwa cewa suke yi asusu ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ke rubuta shi.

Sunan hagu ya samo asali ne daga majalisar Faransa ta 1789, inda masu neman sauyi suka zauna a hannun hagun shugaban zama. Yau rumfa ce mai faɗi: akwai masu son gyara jari-hujja da haraji da doka, akwai 'yan gurguzu masu son a karɓe masana'antu daga hannun masu jari, akwai 'yan ƙwadago da ba ruwansu da aƙida in dai albashi zai ƙaru. Rigimar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Abin da ya haɗa su tambaya ce guda: idan aka samar da kaya, wa ya kwashi ribar, wa aka bari da ɗawainiyar?

Masana tattalin arziki na tsakiya ba su musanta ɓarnar ba. Tun 1920 Arthur Pigou na jami'ar Kambirij ya bayyana cewa mai masana'anta na iya ɗora wa jama'a asarar da ba ta shiga littafinsa ba, kamar hayaƙin da ke lalata wankin maƙwabta da ƙirjinsu, kuma maganin abin shi ne a saka masa haraji daidai da ɓarnar. A wurinsu tangarɗa ce kasuwa ta samu, a gyara farashi a wuce. 'Yan hagu suka ce a'a, ba tangarɗa ba ce, hanyar cin riba ce. Kamfani biyu na sayar da kaya iri ɗaya. Ɗaya ya sayi na'urar tace hayaƙi, ɗayan ya sake shi sama. Na biyun kayansa za su fi araha, kuma ko mai na farkon waliyyi ne, gasa za ta tilasta masa ya bi sahu ko ya rufe. Saboda haka ba sa ɓata lokaci wajen zagin halin attajiri. Suna kallon wanda aka juye wa asarar, kuma kusan kullum wanda ba shi da ikon cewa a'a ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙurar dutse ta fi komai fito da wannan fili. Idan aka huda ko aka yanka dutse mai sinadarin silika, yana fitar da ƙura wadda ido ba ya gani, ƙanƙantarta ta sa take wuce gashin hanci da majina ta sauka can ƙasan huhu. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya yi ta gina tabo a kewayenta har huhun ya sandare. Ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rigakafinta kuwa an san shi fiye da shekara ɗari: a riƙa zuba ruwa a bakin abin haƙar, a ja iska da fanka, a jira ƙura ta kwanta bayan an fasa dutse da nakiya kafin a mayar da mutane ciki. Kowanne daga cikin ukun nan yana cin lokaci. A ramin Hawks Nest da aka fara haƙawa a jihar West Virginia a 1930, an yi aikin a bushe don a yi sauri, akasarin leburorin kuma baƙaƙen fata ne da suka zo neman aiki daga kudancin ƙasar a tsakiyar karayar tattalin arziki. Zaman majalisar dokokin Amurka na 1936 ya ji adadin mutum 476 da suka mutu, wani bincike na baya ya kai lissafin 764.

A Hawks Nest ƙurar ta yi yawan da ta kashe mutane cikin watanni. Yawanci cutar kan ɗauki shekara goma zuwa talatin kafin ta nuna, kuma wannan jinkirin shi ne ribar mai ma'adini. Lokacin da tari zai fara, mutumin ya bar aiki ya koma ƙauyensu, matarsa ce ke jinya, 'yarsa ce ke barin makaranta. Haka ta faru da masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu, waɗanda da yawansu daga Lesotho da Mozambik da gabashin lardin Cape aka ɗebo su. Sai a 2018 manyan kamfanonin zinare shida suka amince da biyan diyyar rand biliyan 5 ga waɗanda suka yi aiki tun daga 1965. Da dama daga cikin masu haƙƙin ƙasa ta riga ta rufe idonsu, na raye kuma sai sun nemo takardar shaidar aiki ta shekaru arba'in da suka wuce. Mata 'yan gwagwarmaya a ɓangaren hagu sun daɗe suna nuni da wannan aikin jinya da reno da ba a biya, wanda in babu shi ba za a sami leburan gobe ba.

Masu kula da lafiyar ma'aikata suna da tsani mai hawa biyar. Na sama shi ne a kawar da abin haɗarin baki ɗaya, sai a musanya shi da marar illa, sai a killace shi da na'ura, sai a sauya tsarin aiki don rage daɗewa a kusa da shi, na ƙarshe kuma a bai wa ma'aikaci takunkumi da safar hannu. Ostareliya ta taka hawan farko a ranar 1 ga Yuli 2024 da ta haramta dutsen haɗi mai yawan silika da ake yin teburin kicin da shi, bayan matasan masu yanka shi sun yi ta kamuwa. Amma a mafi yawan wurare daga ƙasan tsanin ake farawa, a nan kuma ake tsayawa. Takunkumi ya fi araha, kuma yana da wata fa'ida da ba a faɗa: ranar da mutum ya kamu, sai a ce ai shi ne bai ɗaura ba. Alhali takunkumi ba ya kama fuska mai gemu, matatarsa tana toshewa, mai ɗaga guduma cikin zafi kuma ba ya jure shi awa takwas.

Yadda ake biyan lada ma yana kisa. Masu saran rake a Nikaragwa da Salbado aikin jinga suke yi, gwargwadon nauyin abin da ka sara gwargwadon kuɗinka. Hutun minti goma a inuwa asara ce daga aljihunka, don haka mutum ya yi ta yi cikin rana har ruwan jikinsa ya ƙafe, ranar yau da ta gobe, har ƙoda ta gaza. Dubbai sun mutu ta wannan hanya. Ruwa da hutu da inuwa su ne maganin, sai dai in ba a biya lokacin hutun ba, ko an kafa rumfar ba mai shiga.

Ginin Rana Plaza da ke Savar, kusa da Dhaka a Bangaladesh, ya tsage a ranar 23 ga Afrilu 2013. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe nan take. Masu ɗinkin tufafi da ke benayen sama, galibinsu mata, aka ce su dawo washegari ko su rasa albashin wata. Ginin an tsara shi ne don shaguna da ofisoshi, aka ƙara masa benaye, aka jibga manyan janaretoci a sama. Da safiyar 24 ga wata wuta ta ɗauke, aka tayar da janaretocin, ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu. Tsagewar bangon ɗaya kowa ya gani. Wanda ke da ikon ƙin shiga ya tsira.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjar da 'yan hagu suka fi ji da ita. Kafin ruftawar, manyan kamfanonin tufafi na Turai da Amurka suna da nasu masu bincike na sa-kai, wasu masana'antun cikin ginin ma sun ci wannan binciken, domin ba ya duba ƙarfin gini. A watan Mayu na shekarar aka sa hannu a wata yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanoni sama da 200. Injiniyoyi masu zaman kansu ne ke dubawa, ana wallafa rahoton kowace masana'anta kowa ya gani, dole mai saye ya tabbatar akwai kuɗin gyara, masana'antar da ta ƙi gyara duk masu sa hannun su daina saye a wurinta, kuma ƙungiya na iya maka kamfani a gaban masu sulhu da hukuncinsu ke da ƙarfin doka. An duba masana'antu fiye da 1,600, aka cire ƙofofin da ake garƙamewa, aka sauya wayoyin lantarki. Albashi bai tashi da wannan ba, yarjejeniyar ba ta shafe shi ba.

Katangar masana'anta ba ta tare iska. A Bhopal ta Indiya, a daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984, ruwa ya shiga tanki mai lamba 610 na masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide, wanda ke ɗauke da kimanin tan 40 na MIC, wani sinadari mai guba da ake haɗa maganin da shi. Sinadarin in ya haɗu da ruwa zafi yake yi ya tafasa. An tanadi matakan kariya a jere: na'urar sanyaya tankin, hasumiyar wanke iskar da sinadari, bututun ƙone abin da ya tsere, da feshin ruwa. A daren, na'urar sanyin ta yi watanni a kashe, hasumiyar ba ta kan aiki, bututun ƙonewar ana gyaransa, ruwan kuma bai kai tsayin inda iskar ke fita ba. An rage ma'aikatan sashen saboda masana'antar na faɗuwa. Kamfanin ya dage cewa wani ne ya yi zagon ƙasa. Ko da hakan ne, ba shi ya hana matakan kariya huɗu aiki ba. Tun Disamba 1981 wani ma'aikaci ya mutu a wani yoyon iska a wurin, ƙungiyar ma'aikata ta yi ƙorafi ba a ji ba. Dubbai suka mutu a kwanakin farko, sama da mutum dubu 500 suka shaƙi iskar, mafi yawansu talakawan da suka yi bukkoki a jikin katangar. A 1989 aka daidaita a kan dala miliyan 470.

Me ya sa kullum talaka ne a jikin katanga? A 1982 jihar Karolina ta Arewa ta zaɓi gundumar Warren, mai yawan baƙaƙen fata, don binne ƙasar da ta gurɓata da PCB, wani sinadarin masana'antu mai guba. Mutane suka kwanta a kan titi gaban manyan motoci, aka kama fiye da 500, daga nan kuma aka fara maganar adalcin muhalli a Amurka. Masu suka sukan ce ba wariya ba ce, fili ne ke da araha a wurin, kuma bayan an kafa juji hayar gida na faɗuwa sai marasa hali su taru. Akwai gaskiya a ciki. Amsar 'yan hagu ita ce arahar filin da kanta tarihi ne ya haifar da ita, kuma mai neman wurin juji yana auna inda ba za a sami lauyoyi da 'yan majalisa a bakin ƙofa ba. A Flint ta jihar Michigan, wani kantoma da gwamnatin jiha ta naɗa ne ke riƙe da birnin lokacin da aka koma shan ruwan kogin garin a Afrilu 2014, ba tare da zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya kankare rufin da ke cikin tsofaffin bututai, dalma ta shiga famfo. A Oktoba na shekarar kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan saboda yana sa sassan injinsa tsatsa. Mazauna garin sai da suka ƙara shekara guda suna sha.

Har zuwa nan hujjarsu na da ƙarfi, kuma da wuya a ture ta. Inda take fara ɗingishi shi ne ranar da aka ce a rufe ramin kwal. Mai haƙar kwal ya fi kowa sanin abin da ƙura ta yi wa mahaifinsa, amma aikin ne ke da albashi mai kauri da fansho da ƙungiya, abin da zai maye gurbinsa kuma alkawari ne. Tony Mazzocchi, jigo a ƙungiyar ma'aikatan mai da sinadarai ta Amurka, shi ya fara kawo shawara a farkon shekarun 1990 cewa tunda akwai asusun gwamnati na share ƙasar da ta gurɓata, ya kamata a yi irinsa don ma'aikatan da rufe masana'antar zai jefar. Daga nan maganar sauyi mai adalci ta fito, har ta shiga gabatarwar yarjejeniyar Paris ta 2015 kan sauyin yanayi.

Faɗarsa sauƙi gare shi, kuɗinsa ne mai nauyi. Jamus tana da kimanin ma'aikata dubu 600 a haƙar baƙin kwal a ƙarshen shekarun 1950, ta rufe rami na ƙarshe a Bottrop a Disamba 2018. Shekara sittin ta ɗauka. An yi ta ne da tallafin gwamnati, da ritayar wuri ga masu aikin ƙarƙashin ƙasa tun suna shekara 50, da mayar da mutum wani ramin idan nasa ya rufe, da kafa jami'o'i a Ruhr, yankin haƙar kwal ɗin, wakilan ma'aikata kuma suna zaune a hukumar gudanarwar kamfanonin. Dokar 2020 ta daina ƙona kwal nan da 2038 ta zo da alkawarin har yuro biliyan 40 ga yankunan da abin zai shafa. Birtaniya kuwa ta karya ƙungiyar masu haƙar kwal a yajin aikin 1984 zuwa 1985 ta rufe ramukan a gurguje, garuruwan da dama ba su farfaɗo ba har yau. Ƙasar da ba ta da aljihun Jamus fa? An yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don ta bar kwal a taron sauyin yanayi na Glasgow na 2021, akasarinsa bashi ne. Da aka rufe tashar lantarkin kwal ta Komati a 2022, ma'aikatan dindindin an sama musu gurbi, 'yan kwangila da masu sayar musu da abinci da masu ba su hayar ɗaki su ne suka ji a jikinsu. Kusan kowane shirin sauyi a nan yake yin wanka da jirwaye: sunan da ke cikin takardar albashin kamfani kawai yake gani.

Harajin Pigou ma yana cizon wanda bai kamata ba idan ba a yi hattara ba. Faransa ta ƙara harajin man fetur da dizal don rage hayaƙi a shekarar da ta soke harajin dukiya na attajirai. A Nuwamba 2018 masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna, yawancinsu mazauna bayan gari da ba su da jirgin ƙasa ko bas. Gwamnati ta janye ƙarin da ta shirya yi a 2019.

Sannan akwai tarihin da 'yan hagu ba sa son a tono. Tarayyar Sobiyet ba ta da mai jari ko ɗaya, amma daga shekarun 1960 ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga, har tafkin Aral, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita dubu 68, ya koma hamada mai tashin gishiri da ragowar maganin ƙwari. Manajan da aka ɗora wa adadin tan ɗin da zai cika a shekara ba shi da bambanci da wanda aka ɗora wa riba, kuma a can babu ƙungiya mai 'yanci ko jaridar da za ta yi ihu. Wannan ya nuna mallakar gwamnati ita kaɗai ba ta warkar da komai. A Ekwado, gwamnatin Rafael Correa ta ce a 2007 za ta bar man da ke ƙarƙashin dajin Yasuni a ƙasa idan duniya ta biya ta dala biliyan 3.6. Abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba, a 2013 ta ba da izinin haƙa, tana cewa da kuɗin man za a gina asibitoci da makarantu. 'Yan asalin dajin da suka ƙi, gwamnatin hagu ce ta kira su masu hana ci gaba. A ƙuri'ar raba-gardama ta Agusta 2023 kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a dakatar da haƙar.

Rigimar ba ta mutu ba. Wani ɓangare na cewa a zuba jarin gwamnati a lantarkin rana da iska da jiragen ƙasa, a samar da ayyuka masu ƙungiya. Wani na cewa ƙasashe masu arziki su rage ci da samarwa gaba ɗaya, su rage awannin aiki. Na farkon ana tambayarsa daga ina ma'adinan batir za su fito, tunda kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ake haƙo shi, wani sashe da hannu a ramukan da ba su da tokari. Na biyun kuma har yau bai samo yadda zai faɗa wa mai neman aiki maganarsa ya zaɓe shi ba.

Babban giɓin da ke cikin tunanin gaba ɗaya shi ne an gina shi a kan ma'aikaci mai katin aiki. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1981, ta kare wanda ya janye jikinsa daga haɗarin da ke gab da afkuwa. Amma kimanin mutum biliyan 2, wajen kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da ubangidan da za su yi wa yaji. Masu tsintar robobi da ƙarafa a bola suna cikinsu, kuma su ne ke yin kaso mai yawa na sake sarrafa shara a manyan biranen ƙasashe masu tasowa. Idan birni ya bai wa babban kamfani kwangilar kwashe shara da sunan tsafta, abincinsu ne ke tafiya a motar. A Bogota ta Kolombiya masu wannan sana'a sun kafa ƙungiya, suka yi shekaru suna shari'a har kotun tsarin mulki ta umarci birnin ya sa su cikin tsarin. Daga 2013 aka fara auna abin da kowa ya tattara a cibiyoyin da aka yi wa rajista, ana biyansa a kan kowane tan, ban da kuɗin da yake samu in ya sayar da kayan.